Talibambam a Bayan Rumbu

Bana ruwa ya sauka da wuri a Matameye, kuma ya sauka da ƙarfinsa. Kafin a gama noman farko kududdufin bayan gidanmu ya cika ya tumbatsa, kwaɗi suka buɗe kasuwarsu. Ana cikin haka autata Balkisa ta dawo hutu daga jami'a a Damagaram, da jakar tufafinta da sababbin robobin wanki guda biyu. Na yi murna, na ɗauka ni ta sayo wa. Ashe na ƴaƴan kwaɗi ne.

Washegari ta ɗauki rariyata ta tafi kududdufi, ta kwaso talibambam, baƙaƙen nan da ba su da komai sai kai da jela. Ta raba su biyu a robobin, ta jera a inuwar itacen bedi.

Na ce, "Shekara nawa ina suyar ƙuli-ƙuli hayaƙi na cin idona don ki yi karatu, ashe kiwon kwaɗi aka koya miki?"

Ta ce, "Inna, aikin da zan rubuta ke nan kafin a ba ni takardar gamawa."

"To Allah ya sa kwaɗin su ɗauke ki aiki."

Ta yi dariya, sannan ta roƙe ni ƙwaya ɗaya daga cikin maganina. Shekara tara ke nan da aka yi mini aikin maƙoƙo a Damagaram, kuma tun daga ranar kowace safiya sai na haɗiyi wata ƴar farar ƙwaya da ba ta kai ƙwayar wake ba. Balkisa ta murƙushe ta tsakanin cokula biyu, ta jiƙa a kwalba, ta ɗiga a roba ɗaya, ɗayar ta bar ta da ruwanta.

"Ki zuba ido, Inna. Na wannan robar za su riga na waccan zama kwaɗi."

Na ce mata ɓarnar magani dai. Amma ranar ban iya cin tuwon rana ba. Ni ma na taɓa kiwon talibambam, kuma a cikin masu rai babu wanda ya sani.

Shekara talatin da ƴan kai ke nan. Muna zaune a gidan nan, ni da maigidana da mahaifiyarsa, wadda kowa ke kira Iya. Ƴaƴana biyu a lokacin. Na goye shi ne Musa, wanda yanzu ke tuƙa mota tsakanin nan da Ɗan Barto, tumbi na gogar sitiyari. Ta farin kuwa mace ce. A daminar da nake faɗi ta cika biyar ta shiga ta shida, amma wanda bai sani ba zai rantse ba ta cika biyu ba.

Ba ta tafiya, sai dai ta ja gindi. Fatarta busasshiya ce mai kauri, fuskarta kullum a kumbure kamar wadda ta tashi daga barci, harshenta ya yi wa bakinta yawa. Maɗigarta ta daɗe ba ta rufe ba. Ko a tsakiyar bazara, lokacin da kaji ke buɗe baki don zafi, in ka taɓa tafin ƙafarta sanyi ƙalau. Tana jaririya ba ta kuka, sai an tashe ta take shan nono, mata suna ta cewa na yi sa'ar ƴa mai haƙuri. Kalmomin da ta iya ba su cika yatsun hannu biyu ba, kuma da wata murya take faɗinsu a dishe, ƙasa-ƙasa. Iya take kira Inna. Ni kuwa sunana take kira yadda ta ji manya na kira, Dije, sai dai ba ta iya farkonsa ba, sai ta ce "Ije."

Yaran yanzu sai an yi musu bayani. A zamaninmu mace ba ta nuna ta san ɗanta na fari. Ba ta kiran sunansa, ba ta yi masa wasa a gaban mutane, in ya faɗi a gabanta wata ce za ta ɗaga shi. Daga ranar da aka yaye shi kakarsa ce uwarsa. Wannan ita ce kunya, wasu su ce kara, kuma da ita ake auna irin gidan da mace ta fito. Ni uwata ta yi mini horo mai kyau, har misali ake yi da ni a unguwa. Yau duk kasuwar Matameye an san bakina, babu direban da ke taka mini tire ya kwana lafiya. Amma a lokacin ko shekara ka yi a gidanmu ba za ka gane ni na haifi yarinyar ba. "Ƴar Iya" nake ce mata, wani lokaci "waccan."

Kada wani ya ɗauka Iya muguwa ce. Iya ta so yarinyar nan fiye da yadda ta so ɗan da ta haifa. Ita ke tauna mata nama ta sa mata a baki, ita ke kwana da ita, ita ke goya ta da gwiwarta mai ciwo zuwa wurin malamai. An sha rubutu, an yi hayaƙi, an yi wanka da saiwoyi. A ganin Iya kowane yaro da ranar tashinsa, ta wannan ce ba ta zo ba tukuna.

Ruwan shuka na shekarar ya sauka wata Laraba da la'asar. Har yau in na ji ƙanshin ƙasar da ta sha ruwan farko, ranar nake tunawa. Da asuba muka fita gona duk gidan. Maigida na gaba da sungumi yana sara, ni ina biye ina zuba iri ina rufewa da diddige, Musa a bayana, Iya na tafe da ƙwaryar wake. Yarinyar an ajiye ta a gindin tsamiya a kan tsohon buhu, inda aka ajiye ta nan ake tarar da ita. Ruwa na biyu ya zo a kan lokaci, na uku ma haka. Gero ya fito kore shar, har maigida ya fara maganar gyaran rumbu.

Ana tsakiyar noman farko aka yi shela cewa masu allurar yara za su zo ƙofar gidan mai unguwa. Na tafi da Musa, Iya ta biyo mu da yarinyar a goye don babu wanda za a bar wa ita. Cikin baƙin akwai wani likita dogo, ya ɗaure ƙafar tabaronsa da zare. Yana cikin aiki ya hango bayan Iya, sai ya bar layin jarirai ya zo. Ya sa aka sauke yarinyar. Ya danna fatar ƙaurinta, ya shafa kanta, ya duba harshenta, ya taɓa wuyanta. Da aka ce masa shekararta biyar sai ya cire tabaron.

Ya ce, "Ina uwar yarinyar nan?"

Mata suka kwashe da dariya, wai ji tambayar ɗan boko. Ina tsaye taku uku daga wurin. Na juya ina gyara goyon Musa, wanda babu abin da ya same shi.

Iya ta ce, "Ga ni, ɗana. Ni ce uwarta."

"Na gane, Iya. Amma wadda ta haife ta nake nema. Ina so in san yadda ta sha nono, da ko ta daɗe da shawara bayan haihuwa, da kwana nawa take yi ba ta yi bayan gida ba."

Duk na san amsar. Fiye da wata guda idonta na rawaya. Nono sai na matsa mata a baki. Kwana huɗu, wani lokaci biyar, kuma ni ce nake lissafawa a zuci ba tare da kowa ya sani ba. Iya ta ce, "Lafiya lau ta sha nononta." Likitan ya bi fuskokin matan da kallo ɗaya bayan ɗaya, har idonsa ya tsaya a wuyana, don tun lokacin kumburin ya fara, ina rufe shi da mayafi. Ina jin ya gane. Na sunkuyar da kai ina kallon yatsun ƙafata har ya gaji.

Ya tambayi sunan yarinyar, Iya ta faɗa, ya rubuta takarda ya miƙa mata. Ya ce, "A kai ta babban asibiti a Damagaram. Ba bayan kaka ba, Iya, cikin makon nan in da hali. Akwai abin da za a iya yi mata."

Iya ta ninke takardar ta sa a ƙasan kwallar da take ajiye zannuwanta. Da aka gaya wa maigida ya ce, "Bari mu fid da noman nan. Wa zai bar gona yanzu?" Kuma gaskiyarsa, ciyawa ta kusa fin geron tsawo.

Aka gama noman, sai ruwa ya ɗauke. Mako guda babu wanda ya damu. Mako biyu aka fara kallon gabas. Hadari kan haɗu da yamma baƙi ƙirin, iska ta taso, mu ji ƙanshin ruwa har a maƙogwaro, mu kwashe shanya mu jera tukwane, sai ya zarce wajen garin Kance ya bar mu da tukwane a bushe. Geron da ya kai gwiwa ya naɗe ganye, da hantsi ya yi toka-toka, in ka bi ta gona ƙarar ganyen kawai kake ji. Maza suka fita roƙon ruwa sau uku. Ƙasa ta yi zafin da ba a taka ta babu takalmi, a cikin watan da ya kamata a ce taɓo muke kuka da shi.

Hatsin bara ya ƙare. Na ga ranar da maigida ya shiga rumbu da tsintsiya, ya fito da abin da bai cika ƙwarya ba. Daga tuwo da fura muka koma kunu sau ɗaya a rana, daga kunu muka koma dusa, da dafaffen tafasa, da yaɗiya, da garin rogon da ake shigowa da shi daga Najeriya, a jiƙa da ruwa a sha ya kumbura a ciki. Yunwa ba ciwon ciki ba ce kawai. In na sunkuya na ɗago sai duniya ta yi duhu na ɗan lokaci, bakina kullum ɗaci, Musa na tsotso ina ji har ƙashin bayana. Iya tana da akuya ɗaya mai ɗan nono, abin da aka tatsa duk na yarinyar ne.

Mazan garin nan sai an kai amfani gida suke tafiya cin rani. A shekarar kuwa gero na tsaye a gona suka fara sulalewa. Maigida ma ya shirya zuwa Kano. Da safe ya tsaya a bakin zaure da buhunsa a kafaɗa, Iya na gefensa tana yi masa addu'a. Ya dube ni ya ce, "Akwai wani abu?"

Maganar ta taso mini har wuya. Na ce, "Allah ya kiyaye hanya."

Ya juya ya ce wa Iya, "Maganar takardar nan, in na dawo."

Bayan tafiyarsa da kamar kwana goma muna tsinkar tafasa a bakin hanyar Kance, ni da Iya, rana ta take. Ba ta ɗago kai ba ta ce, "Dije, maganar likitan nan ta tsaya mini a rai. Ga akuyar nan. In an sayar za ta kai mu Damagaram ta dawo da mu. Amma ita ce ɗan nonon da yarinyar ke sha. Ke me kika gani?"

Tun da aka kawo ni gidan, Iya ba ta taɓa neman shawarata a kan komai ba sai ranar. Na san abin da nake so. Da za a bar ni, a ƙafa zan goya ta har Damagaram. Amma na kuma san abin da ƴar mutunci ke cewa in uwar miji ta tambaye ta a kan ɗan fari, kuma shi ne ya riga fitowa.

Na ce, "Ni me na sani, Iya? Ƴarki ce. Yadda kika gani shi ne daidai."

Iya ta ɗago ta daɗe tana kallona. Yanzu da na kai shekarunta na gane jira take yi in ƙara wani abu, ko kalma ɗaya ce, don ta sami wanda zai raba nauyin da ita. Ban ƙara ba. Ta ce, "To, a bari ubanta ya dawo. Allah ya yi miki albarka." Muka ci gaba da tsinkar ganye.

Kududdufi kuma yana ta ja da baya. Kullum da safe in mun je ɗebo ruwan akuya da na wanki, Iya kan zaunar da yarinyar a inuwa a bakin ruwan. Talibambam sun taru a ɗan abin da ya rage har ruwan ya yi baƙi da su, ga wari, ga belbela da shamuwa suna ta biki. Yarinyar da babu abin da ke ɗaukar hankalinta sai ga ta tana kallonsu har rana ta iso inda take. Wata safiya ta nuna wasu da suka maƙale a sawun kofaton saniya, ruwan ya tsotse suna mutsu-mutsu a taɓo. Ta yi ƙarar nan tata a dishe, hawaye na bin kumatunta. Ban taɓa ganin ta yi kuka don wani abu da ba ciwon jikinta ba.

Ranar kasuwa Iya ta fita tun hantsi. Na ɗauki ludayi na je na kwaso guda biyar, na zuba a kaskon fasasshen tulu a bayan rumbu, na cika da ruwan rijiya, a lokacin da sai an yi layi ake samun guga biyu. Na rufe da tsohuwar rariya. Sannan na leƙa zaure na ga babu kowa, na ɗauki yarinyar a kwankwasona da rana tsaka na kai ta wurin. Jikinta sanyi, ba nauyi. Ta ɗora hannu a kumburin wuyana tana shafawa, ta leƙa kaskon, ta yi dariya har miyau na zuba. Iyakar kyautar da na taɓa yi mata ke nan a duniya.

Da Iya ta dawo ta ce, "Kaskon nan na wa?"

Na ce, "Na kaji."

Ta ce, "Kajin gidan nan sun ji daɗi, ruwansu har da murfi." Ba ta ƙara tayar da maganar ba.

Abin da ya ba ni mamaki shi ne na kududdufin. Da ruwan ya zo ƙarewa, cikin ƴan kwanaki suka fitar da ƙafafu, jelarsu ta dinga raguwa, wata safiya muka tarar taɓon gaba ɗaya na tsalle. Ƴan kwaɗi ne da ba su wuce ƙwayar gyaɗa ba, suna shigewa tsagar ƙasa da gindin ciyawa. Da yawa sun mutu, amma da yawa sun tsira ba da taimakon kowa ba. Namu na kasko kuwa, kaza ta ture rariya ta cinye biyu, biyu suka mutu, ɗaya ya rage. Ina marmasa masa tafasa da dusa. Ya ci ya yi ƙiba har ya kai tsawon yatsana, wasu ƴan tsiro biyu suka fito a gindin jelarsa, daga nan ya tsaya.

Ban san abin da ya kai bakina ba, wata rana muna mu biyu, ni da yarinyar, na ce mata, "Kin ga ƙafarsa ta fara fitowa. Ranar da ya yi tsalle ya fita, ke ma ranar za ki tashi ki taka."

Ta yarda. Kullum da safe sai ta ja gindi tun daga ƙofar ɗakin Iya har bayan rumbu, ta bar doguwar shara a rairayin tsakar gida. Ta leƙa kaskon ta daɗe, sannan ta neme ni da ido ta ce, "Ije. Ƙafa?" In babu kowa sai in ce, "Saura kaɗan." In Iya ko wata maƙwabciya na kusa sai in ci gaba da daka kamar ban ji ba.

Ruwa ya dawo bayan wata guda da kwanaki. Ya makara ga yawancin geron, amma ya ceci wake da ƴar dawa. Da shi sauro ya zo, da zawo, yaran unguwa suka kwanta gida-gida. Akuyar da aka ƙi sayarwa kuwa nononta ya riga ya ƙafe da kansa. Yarinyar ta kwanta. Jikinta bai ma yi zafi irin na sauran yara ba, barci ne ya yi ta ƙaruwa, sanyin ƙafarta ya hau har cinya. Kwana uku ba ta je bayan rumbu ba.

Ranar Alhamis da hantsi maƙwabta sun cika ɗakin Iya, wasu na zaune a bakin ƙofa. Ina tsakar gida ina dakan dusa. Na ji ta ce, "Ije." Sau ɗaya, amma na ji sarai. Matan bakin ƙofa na kallona. Na ɗaga taɓarya na sauke. Na ce a raina bari in ƙarasa wannan dakan, sai in shiga da ƙoƙon ruwa kamar Iya na kai wa. Na ƙarasa, na kwashe, na ɗebo ruwan. Ina kawowa bakin ƙofa na ji Iya ta ɗauki salati.

Iya ta yi kuka har ta faɗi, sai da aka riƙe ta. Ni na shimfiɗa tabarmi, na kai wa masu gaisuwa ruwa, na yi musu sannu da zuwa. Ina ji mata na cewa, "Dije akwai kara, ko ɗigon hawaye." Sun yaba mini ƙwarai. Kukana a bayan rumbu na yi shi, a durƙushe gaban kasko, da bakin zane cushe a bakina.

Talibambam ɗin ya rayu har sanyi ya shigo. Kullum ina canza masa ruwa. Wata safiya na tarar ya juya ciki sama, jelarsa cikakkiya yadda take. Na tona rami da yatsa na sa shi, na rufe da diddige kamar shuka. Maigida ya dawo bai tayar da maganar takarda ba, ni ma ban tayar ba, har ya koma ga Allah. Da Iya ta rasu ana rabon kayanta na tarar da takardar a ƙasan kwalla, na ɗauke na sa a tawa. Da Faransanci aka rubuta, ni kuwa ban yi lakwal ba, wato makarantar boko, kuma ban taɓa ba wani ya karanta mini ba.

Yanzu matar Musa a gabana take sumbatar ɗanta na fari, ta kira sunansa tun daga zaure, hotonsa ne a fuskar wayarta, in ya yi atishawa biyu ta saɓe shi sai likita. Ni ce kan gaba wajen yi mata tsiya, ina ce mata ƴan zamani marasa ta ido. Ita kuma ta ce, "Inna, ai ke ma kina so, ɓoyewa kike yi."

Kwana bakwai bayan Balkisa ta ɗiga maganin, na robar farko suka sauya. Ƙafafu huɗu, baki ya faɗaɗa, jela ta koma ɗan guntu. Na ɗaya robar na nan suna yawo da jelarsu kamar ranar da aka kawo su. Balkisa na durƙushe tana auna su tana rubutawa, ni ina kan tabarma ina ɓarar gyaɗa. Ina kallo, ɗaya daga cikinsu ya hau bakin robar, ya ɗan tsaya, ya yi tsalle ya faɗa rairayi.

Na ce, "Wai me ke cikin ƙwayar nan?"

Ta ce, "Abin da wuyanki ya daina yi ne, Inna, tun da aka cire miki maƙoƙon. Akwai wata ƴar tsoka a wuya, kwaɗo na da ita, mutum na da ita. Ita ke sakin wani sinadari a jini. In ya isa jelar talibambam sai zaruruwan da suka riƙe naman su saki, jiki ya shanye jelar. Shi ɗin dai in ya isa ƙafa sai ƙashi ya yi ƙwari ya miƙe. In ruwa na ƙafewa wahala kan sa jikinsu ya yi sauri. In kuma sinadarin ya yi kaɗan, sai ya yi ta ci yana ƙiba, ba zai taɓa zama kwaɗo ba."

Na ɓare gyaɗa biyu kafin na ce, "To in ɗan mutum ne ya rasa shi tun yana jariri fa?"

Ba ta ko ɗago ba, tana rubutu tana lissafo mini kamar mai karanta allo. "Ba zai yi tsawo ba. Fata ta yi kauri ta bushe, fuska ta kumbura, harshe ya yi girma, maɗiga ta ƙi rufewa. Jiki kullum sanyi. Ba su cika kuka ba, shi ya sa ake cewa masu haƙuri ne, har a makara."

Na tashi na shiga ɗaki. Na kwashe zannuwan kwalla har ƙasa, na fito da takardar. Ta yi ja, ninkin ya kusa rabuwa. Na miƙa mata na ce ta karanta mini.

Ta buɗe a hankali. Na ga fuskarta ta sauya. Ta jawo littafinta ta ɗora yatsa a kan wata doguwar kalma, ta ɗora ɗaya yatsan a kan takardar. Ko ni da ban iya karatu ba na ga iri ɗaya ce.

Ta ce, "Inna, ta Ƴar Iya ce?" Iyakar sunan da su Balkisa suka sani ke nan.

Na ce, "Da an kai ta fa?"

"Ban sani ba tabbas. A shekara biyar an makara da wasu abubuwan. Amma da ta yi tsawo, Inna. Ina jin da ta taka."

"Da wane magani?"

Ta dubi ƙofar ɗakina, inda gwangwanin ƙwayoyina yake a kan taga. Shekara tara ina haɗiyarsu kowace safiya da ruwan randa, har ina mita wai sun ishe ni.

Ta fara cewa, "Inna, ba laifinki..." Na ɗaga mata hannu ta bari. Ta share ido ta koma kan takardar. Ta ce, "Ga sunanta ma a sama. An rubuta..."

Na ɗora tafina a kan takardar na rufe wurin. Na ce, "Tsaya. Ni zan faɗa."

Bakin nan nawa da kasuwa ke tsoro ya bushe ƙamas.  Da sunan ya fito, a dishe ya fito, ƙasa-ƙasa.

"Habsatu."

Na sake faɗa, wannan karon da ƙarfi, yadda ake kiran yaro daga wancan gefen tsakar gida. Matar Musa ta leƙo daga ɗakinta da ɗanta a kafaɗa, ta duba zaure, ta duba bayan rumbu, ta ce, "Inna, wa kike kira?"

Na ce, "Ƴata nake kira. Ta fari."